Waƙar Da Ta Tsaya A Lamba 78

Mai karatu, a kiɗan Turawa akwai waƙar da kan tashi kamar wutar kara, kafin shekara ta zagayo an manta da ita. Akwai kuma wadda ba ta yi wani tashe ba, amma har yau ana zancenta. "Radio Free Europe" ta ƙungiyar R.E.M. tana cikin kashi na biyu.

Samari huɗu ne: Michael Stipe mai rerawa, Peter Buck da Mike Mills masu jita, sai Bill Berry mai ganga. A 1980 suka haɗu a Athens, wani garin jami'a a jihar Jojiya ta Amurka, ba babban birnin Girka ba. Wasansu na farko ma a cikin wata tsohuwar majami'a da aka daina ibada a ciki suka yi shi, wurin bikin wata ƙawarsu.

A watan Afrilun 1981 suka nufi garin Winston-Salem, inda wani mai suna Mitch Easter ya mayar da garejin gidan iyayensa ɗakin ɗaukar sauti. Can aka naɗi waƙar. Wani ɗan ƙaramin kamfani, Hib-Tone, ya buga faifai 1,000 a zubin farko. Su kansu mawaƙan ba su ji daɗin yadda sautin ya fito ba, to amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Nan fa gizo ke saƙar. Manyan gidajen rediyon Amurka na lokacin ba su san da zaman irin waɗannan yara ba. Su harkarsu da manyan kamfanoni ce, masu kuɗin talla da yaran da ke bin masu gabatar da shiri ofis-ofis. Ga shi kuma waƙar ba ta taimaki kanta ba. Stipe ƙunƙuni yake yi, ba ka rarrabe rabin abin da yake faɗa. Sunanta na gidan rediyon nan ne da Amurka ke ɗaukar nauyi yana watsa shiri zuwa gabashin Turai zamanin yaƙin cacar baka, amma in ka ce za ka nemo siyasar a cikin baitocin, za ka sha wahala.

Gidajen rediyon jami'o'i ne suka rungume ta. Ɗalibai ke gudanar da su, muryarsu da ƙyar take ƙetare gari, kuma ba mai talla da zai tsaya musu a ka. Abin da ya yi wa yaro daɗi shi zai sa. Haka waƙar ta riƙa tafiya daga wannan jami'a zuwa waccan, su kuma mawaƙan suna biye a tsohuwar mota, suna wasa a ƙananan wurare. Jaridar New York Times ta sa ta cikin waƙoƙi goma da suka fi a shekarar.

A 1982 kamfanin I.R.S. ya ɗauke su. Aka sake naɗar waƙar, aka ɗan rage mata gudu, ta fito a kundin Murmur a 1983. A jadawalin Billboard na waƙoƙi 100 ta hau zuwa lamba 78, ta tsaya cak. Ni dai a ganina wannan lambar ba ta faɗi gaskiya duka ba, domin jadawalin manyan gidajen rediyo da manyan kantuna yake saurare, ba ɗakunan ɗalibai ba. Shaida kuwa, mujallar Rolling Stone ta zaɓi Murmur a matsayin kundin shekara, a gaban Thriller na Michael Jackson. Ka ji fa!

Sai a 1987 suka shiga sahun goman farko da "The One I Love". A lokacin kamfanoni sun farga, sun fara aika faifai rediyon jami'o'i da kansu, irin wannan kiɗan rok na 'yan gefe ya zama kasuwa. A 2010 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa naɗin 1981 ɗin, wanda masu shi suka yi ta ƙorafi a kansa, cikin sautukan da ƙasa za ta adana. Shekara guda bayan nan ƙungiyar ta watse.