Daga Na Gaba Ake Gane Zurfin Ruwa: Indiya, Ingilishi da 'Ya'yanmu na Adar

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da hukumomin Nijar suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa iyaye da malamai na Keita da Buza da Madawa tambaya mai nauyi. Yaron da sai ya shiga kwaleji yake fara jin Ingilishi, ta yaya zai kai ga manyan kalmomin da ake rubuta doka da kimiyya da takardun ciniki da su? Indiyawa, musamman masu jin Hindi, sun kusa shekara 200 suna fama da wannan tambaya, don haka ya kamata mu leƙa tarihinsu.

A 1835 wani jami'in mulkin mallaka, Thomas Macaulay, ya rubuta shawarar a juya kuɗin ilimi daga Larabci da Sanskirit zuwa Ingilishi, Gwamna Janar William Bentinck kuma ya amince. Manufarsa ba ɓoyayya ba ce: a samar da 'yan tsiraru da za su yi tafinta tsakanin Turawa da talakawa. A 1837 aka sauke Farisanci daga matsayin harshen kotu, sai Ingilishi ya zama ƙofar babban aikin gwamnati. Mai son ɗansa ya zama akawu ya sa shi hadda. Aka samu ma'aikatan da ke cika wasiƙa da kalmomi masu nauyi a inda ba su dace ba, har Turawan da kansu suka riƙa yi wa salon ba'a suna kiransa Ingilishin babu. A can "babu" laƙabin girmamawa ne da ake kiran akawu da shi.

Ba a jima ba aka fara gyara. A 1854 takardar Charles Wood ta ba da shawarar a koyar da yara da harshensu a matakin farko, Ingilishi ya zo a sama. A 1857 aka buɗe jami'o'in Kalkata da Bombai da Madaras. Amma tunda da Ingilishi ake karatu a jami'a, iyaye suka ci gaba da turo shi ƙasa. Shi ya sa a taron Wardha na 1937, Gandhi da abokansa suka nace a kan ilimin farko da harshen uwa.

Me ya sa manyan kalmomin Ingilishi suke yi wa mai jin Hindi wuya? Nasa manyan kalmomin daga wata rijiya aka ɗebo su, ko Sanskirit, ko Farisanci da Larabci. Mai kallon finafinan Indiya ya sha jin duniya, kitab, waqt da adalat, 'yan uwan duniya da littafi da lokaci da adalci na Hausa. Su kuwa manyan kalmomin Ingilishi, galibinsu daga Latin da Faransanci suke, tun bayan da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Ɗalibin Indiya ba shi da abin da zai kama ya gane su, sai ya haddace ɗaya bayan ɗaya.

Bayan 'yancin kai a 1947, tsarin mulkin 1950 ya sa Hindi harshen gwamnatin tarayya, ya ba Ingilishi wa'adin shekara 15. A 1961 aka kafa hukumar ƙirƙiro kalmomin kimiyya da fasaha. Duk da haka Ingilishi bai tafi ba. Dokar 1963 ta bar shi, tarzomar da ta tashi a jihar Madaras a 1965, inda Tamilawa suka ƙi a tilasta musu Hindi, ta ƙara tabbatar da zamansa. Abin da ya amfani ɗalibai shi ne aikin da ya haɗa harsunan biyu, irin ƙamus ɗin Ingilishi da Hindi na Camille Bulcke, limamin Kirista ɗan Beljiyam mazaunin Ranchi, wanda ya fito a 1968. A 2020 kuma sabuwar manufar ilimi ta Indiya ta sake ba da shawarar koyarwa da harshen gida har zuwa aji 5 aƙalla, wato kusan inda Wood ya tsaya shekara 166 kafin nan.

Mu dawo gida. Ɗan Adar yana da abin da ɗan Indiya ba shi da shi. Faransancin da ya sha tun firamare ya riga ya ba shi kaso mai yawa na manyan kalmomin Ingilishi. Constitution, agriculture da irrigation rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu, furuci ne ya bambanta. Sai dai akwai tarko: librairie shagon sayar da littattafai ne, library kuwa ɗakin karatu. Babban tarkon ma shi ne yaro ya iya faɗar kalmar da harsuna biyu alhali bai san abin da take nufi da ko ɗaya ba.

Ɗauki érosion, da Ingilishi erosion. Ɗan Keita ba ya bukatar ƙamus kafin ya san zaizayar ƙasa. Tun 1984 aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sa mutanen yankin, mata a kan gaba, suka jera duwatsu, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka dasa itatuwa a kan tuddai. Kakarsa wataƙila ta ɗauki dutsen a ka. Malamin da ya fara da wannan labari da Hausa, sannan ya rubuta kalmar a allo, ya ba yaro abin da zai riƙe. Wanda ya ba shi kalma 50 ya haddace kafin Litinin, hanyar akawun Kalkata ya bi da shi.

Ba daga yau Nijar ta san haka ba. A Damagaram aka fara makarantar gwaji mai harshe biyu a 1973, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji. Kayan aiki ma akwai: ƙamus ɗin Bargery na Hausa da Ingilishi tun 1934, da na Roxana Ma Newman na Ingilishi da Hausa na 1990.

Saboda haka, malam, duk sabuwar kalma ka nemi ɗalibi ya bayyana ta da Hausa kafin ya sa ta a jimla, ka kuma nuna masa 'yar uwarta ta Faransanci da inda suka rabu. Uba da uwa, ko ba ku ji Ingilishi ba, kuna iya duba karatun. In yaro ya dawo da yamma, ku ce ya faɗa muku kalma ɗaya da ya koya yau, ya kuma gaya muku ma'anarta da harshen gida. In ya kasa, ku maida shi ya sake tambayar malaminsa gobe.