Yadda Dokar 1935 Ta Shiga Rigimar Ma'aikata Da Kamfanoni Kan Facebook

Da yawanmu a wannan zaure albashi muke ci a ƙarƙashin wani kamfani, kuma kowa da waya a hannunsa. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi yadda aka yi ta ja-in-ja a Amurka kan ikon kamfani a kan bakin ma'aikacinsa.

Mutane na ɗauka a Amurka kowa na faɗin abin da ya ga dama. Tsarin mulkinsu gwamnati ya hana toshe bakin jama'a, bai hana kamfani mai zaman kansa ba. A 2004 kamfanin jiragen sama na Delta ya sallami wata ma'aikaciyarsa saboda hotunan da ta ɗauka a cikin jirgi sanye da kayan aiki ta sa a intanet. A farkon 2005 Google ya kori wani sabon ma'aikaci da bai cika wata guda ba, bayan ya yi rubutu kan al'amuran cikin gida na kamfanin.

Abin ya sauya salo a 2010. Wata ma'aikaciyar motar ɗaukar marasa lafiya a jihar Connecticut ta caccaki shugabanta a Facebook daga gida, abokan aikinta suka taya ta, sai kamfanin American Medical Response ya sallame ta. Hukumar kula da hulɗar ƙwadago ta ƙasar, NLRB, ta shigar da ƙara. Abin mamaki, dokar da ta dogara da ita tsohuwa ce, wadda Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu tun 1935, lokacin da ba a san kwamfuta ba. Dokar ta ba ma'aikata damar haɗa kai su tattauna albashi da yanayin aikinsu, kuma hukumar ta ce hira a Facebook ma tattaunawa ce. A Fabrairun 2011 aka sasanta, kamfanin ya yarda ya sassauta dokokinsa.

Amma fa kariyar tana da iyaka. A 2012 hukumar ta umarci wata ƙungiyar agaji a Buffalo ta mayar da ma'aikata biyar da ta kora, domin maganar aikinsu suka yi a tsakaninsu. A shekarar kuma ta amince da korar wani mai sayar da motocin BMW a Illinois, wanda ya sa hoton wata Land Rover da yaro ɗan shekara 13 ya afka da ita cikin kududdufi, yana zolaya. Shi kaɗai ya yi abinsa, ba kukan ma'aikata ba ne. A ganina hukuncin ya yi daidai.

Ita kanta dokar ba ta shafi ma'aikatan gwamnati da na gona da masu aikin gida ba, kuma ikonta bai wuce iyakar Amurka ba.