Kokowa a ƙasar Kurfai: daga dandali zuwa takobi

A ƙasar Kurfai kokowa 'yar kaka ce. Sai an yanke hatsi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sannan ganga ke tashi. Samarin wani gari su taso da makaɗinsu su sauka a wani, a share fili, ɗan kokowa ya fito da walki da guraye, layu sun cika damtse, ya dafa ƙasa ya miƙe ya yi kirari har wani ya amsa. Wanda ya yi kaye a ɗaga shi sama, mata su rangaɗa guɗa, masu hali su yi masa kari da goro ko riga ko ɗan akuya. Da hadari ya fara haɗowa daga gabas, gwanin ya koma gona kamar kowa. Ba wanda ke ciyar da iyali da kokowa a wancan zamani; suna take ba mutum, suna kuwa yana sauƙaƙa neman aure. Tarihin shekaru hamsin da suka wuce shi ne yadda wannan wasa ya zama sana'a, kuma a ganina sana'ar ta tsaya rabin hanya.

Sauyin ya zo a 1975, shekara guda bayan Saini Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974. Kunce ɗan Fandu ne, a cikin gundumar Filinge da ƙasar Kurfai ke ciki, don haka dandalin kaka ba baƙon abu ba ne gare shi. Ƙasa ta fito daga fari mai tsanani, gwamnatinsa kuma tana neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare wuri guda; ta farfaɗo da samariya, ta ɗauki kokowa ta mai da ita gasar ƙasa. An yi ta farko a Tawa, Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ya tafi da takobin zakara Maradi. Daga nan aka sami alƙalin wasa da agogo da dokar kaye a rubuce, rediyo ya kai kirarin 'yan kokowa da muryar mawaƙi Sagalo har rugage. A yau jahohi 8 ne ke karawa, kowacce da mutum 10, kuma kafin saurayin Filinge ya shiga cikin goman jahar Tilaberi sai ya tsallake tankaɗe da rairaya tun daga gundumarsa. Filayen kokowa na Maradi da Doso da Damagaram suna ɗauke da sunayen gwanaye Kantu da Salma Ɗan Rani da Langa-Langa, Kadiri Abdu na Doso kuwa, wato Isaka Isaka, ya ɗauki takobi har sau 6. Ba ƙaramar daraja ba ce wannan.

Sai dai daraja daban, madogara daban. Mutum 80 ke shiga fili, ɗaya ke fita da takobi da rawani da miliyoyin sefa. Mafi yawan sauran su koma da abin da bai kai su damina ba. Wanda ya goce a kafaɗa ko gwiwa ta lalace, jinyarsa takan koma kan danginsa, ga shi ƙarfin ɗan kokowa ba ya daɗewa. A nan ne labarin zari-ruga a ƙasar Ayilan ke da amfani. Shi ma wasan gwada ƙarfi ne da aka yi fiye da ƙarni guda ana haramta biyan albashi a cikinsa, sai a watan Agustan 1995 aka buɗe ƙofa. Hukumar wasan ta Ayilan ta zaɓi ta riƙe manyan 'yan wasanta da kwangila, suna buga wa larduna huɗu na ƙasar, Leinster da Munster da Ulster da Connacht, tana ƙayyade yawan wasannin da mutum zai yi don kada jiki ya ƙare da wuri. A 2002 gwamnati ta ƙara da dokar da ke maido wa ɗan wasa wani kaso na harajin da ya biya idan ya yi ritaya. A ƙarƙashin wannan tsari Brian O'Driscoll ya buga wa ƙasarsa wasa 133 daga 1999 zuwa 2014, bai bar gida ya tafi neman kuɗi Faransa ba.

Za a ce Ayilan ƙasar masu arziki ce, Nijar kuwa tana fama da abin da ya fi kokowa gaggawa, musamman jahar Tilaberi da matsalar tsaro ta hana ƙauyuka da yawa kiɗan dare. Gaskiya ne, amma abin koyi a wurinsu ba yawan kuɗin ba ne, yadda aka raba shi ne. Kuɗin da gwamnati da kamfanoni da 'yan kasuwa ke zubawa a kwana goman gasa, da za a ware wani kaso a sa a asusun jinya da ɗan tallafin wata-wata ga goman kowace jaha, da ba a ƙara wa baitulmali nauyin a zo a gani ba. Wasu kuma, galibi dattawa, suna cewa kuɗi ne ya ɓata kokowa, shi ya kawo zargin sayar da kaye da jan lokaci a fili. Wannan ƙorafi yana da tushe, amma dukiya ta daɗe a dandali, ai karin da ake yi wa gwani dukiya ce. Abin da ke kai mutum ga sayar da kaye shi ne sanin cewa in bai samu yau ba, gobe ba mai duba shi. Wanda ke da tabbacin magani da abincin iyali ya fi wuyar saye.

Tun da gwamnati ce ta fitar da kokowa daga dandali a 1975 ta ɗora mata tutar ƙasa, ita da hukumar kokowa ke da alhakin ƙarasa aikin. Su fara da mutum 79 ɗin da ba su ɗauki takobi ba, da tsofaffin gwanayen da ke zaune a Filinge da ƙauyukan Kurfai da ciwon da suka samo a fili.