Gobir Ɗaya, Taskoki Biyu: Matsayin Ɗalibin Ƙetare a Nazarin Kayan Gadon Sabon Birni da Isa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ɗalibin da ya tsallako daga wata ƙasa yake nazarin tarihi da al'adun Gobir a matakin digiri na biyu da na uku. An ɗauki Sabon Birni da Isa a matsayin farfajiyar nazari, aka kwatanta ayyukan da aka yi daga Sakkwato da Zariya da waɗanda aka yi daga Maraɗi da Faransa. An gano cewa wurin da ɗalibi ya zauna ya yi karatu shi ke zaɓa masa Gobir ɗin da zai gani. An kuma nuna cewa ɗalibin Nijar ya fi kowa damar haɗa ɓangarorin biyu, sai dai tsarin jami'o'i da rashin tsaro sun tauye masa wannan dama.

1.0 Gabatarwa

Takardar neman gurbin karatu a jami'o'in Nijeriya ta raba masu nema gida biyu, ɗan ƙasa da baƙo. Bagobirin da aka haifa a Tsibiri ta Nijar, ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, idan ya zo Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato neman digiri na biyu, layin baƙi zai bi, kuɗin baƙi kuma zai biya. Amma ranar da ya sauka Sabon Birni don tattara bayanai, mai yiwuwa gidan kawunsa zai kwana. Tsagar Gobirci da ke kumatun dattawan da zai tattauna da su ita ce a kumatun kakansa. Tambayar da maƙalar ta sa gaba ita ce: mene ne wannan ɗalibi yake iya gani wanda takwaransa na gida ba ya gani, kuma me ke hana shi rubuta shi?

Hanyar da aka bi ita ce bitar kundayen digiri da littattafan da suka shafi Gobir, da duba inda aka adana madogaransu.

2.0 Yadda Gadon Ya Rabu

A tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Sarkin Gobir Babari, Alkalawa ta zama babban birnin Gobir, bayan da Gobirawa suka rinjayi Zamfara. Kufanta yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yau. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, a nan kuma mulkin Yunfa ya ƙare, lokacin da rundunar jihadi ta ci birnin a watan Oktoba na 1808. Gobirawa ba su miƙa wuya ba. Sun ci gaba da yaƙi har zuwa gwabzawar Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, aka kashe Sarkin Gobir Ali. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi, a ƙarƙashin Mayaƙi.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 rikicin cikin gida ya raba gidan sarautar Tsibiri. Wani ɗan gidan, Ɗan Halima, ya ɓalle, ya gangaro kudu ya kafa Sabon Birni da yardar Sakkwato. Isa kuwa ribaɗi ce ta daular Sakkwato, gidan sarautarta daga zuriyar Muhammadu Bello ya fito, kuma shi ma sarautar Sarkin Gobir yake riƙe da ita. Ke nan a tazarar da ba ta wuce tafiyar yini ɗaya a mota ba akwai fadoji uku masu amsa sunan Gobir, kowace da nata labarin yadda aka yi.

Turawa sun zo sun ƙara nasu rabon. Bayan yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, ayarin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ya shata iyaka a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Daga ranar aka fara rubuta Gobir da harsuna biyu, ana ajiye takardun a wurare daban-daban.

3.0 Abin da Kowane Ɓangare Ya Gani

Misalin da ya fi fitowa fili na ɗalibin ƙetare a wannan fage shi ne Murray Last. Bature ne ɗan Ingila da ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ibadan a ƙarƙashin H.F.C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. Last ya zauna a Sakkwato a farkon shekarun 1960, ya yi karatun littattafan Larabci da wasiƙun fada a wurin Waziri Junaidu, ya kammala a 1964, aka buga aikin a 1967 da sunan The Sokoto Caliphate. Darasin da ke cikin zamansa ga ɗalibin yau shi ne ya ɗauki malamin gida a matsayin malami, ya zauna gabansa kamar kowane almajiri. Sai dai taskar da ya buɗe ta waɗanda suka ci yaƙi ce. A cikinta Gobir abokiyar gaba ce, ana ambatonta ne lokacin da ta kawo hari ko aka kai mata. Wannan ba aibu ba ne ga aikin, domin daular ya sa gaba. Aibun yana wurin masu karanta shi su ɗauka sun gama sanin Gobir.

A ɗaya gefen iyaka labarin ya sha bamban. Landeroin, tafintan ayarin Tilho, ya tattara jerin sarakuna da labaran baka daga bakin Gobirawa, aka buga su cikin kundin bayanan ayarin da Faransanci. Daga baya Guy Nicolas ya daɗe yana nazarin al'ummar kwarin Maraɗi, littafinsa na 1975 ya ba da ƙarfi ga sarautu da tsafe-tsafe da kyauta da bukukuwa. Mai karanta waɗannan zai ga Inna ta Gobir da ikonta a kan 'yan bori, zai ga majalisar masu zaɓen sarki da buɗin daji, amma malaman Gobir da makarantunsu ba su sami irin wannan fili ba. Alhali kuwa a ƙasar Gobir Shehu Usmanu ya tashi, a Ɗagel ya karantar kafin hijirar 1804.

Masanan gida sun yi ƙoƙarin cike giɓin. Garba Nadama ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, Abdullahi Rafi Augi ya biyo da nasa a 1984 a kan rawar Gobir a kwarin Rima, ya tsaya a 1808. A ganina wannan shekara ta zama katanga ga nazarin Gobir a Nijeriya. Ɗalibai da yawa suna isa faɗuwar Alkalawa su ajiye alƙalami, alhali tarihin Sabon Birni da Isa bayanta ya fara.

4.0 Damar Ɗalibin Nijar da Abin da Ke Tauye Ta

Madogaran binciken Gobir a warwatse suke. Rahotannin haraji da bayanan gundumomin Isa da Sabon Birni na zamanin En'e suna cikin fayilolin Lardin Sakkwato a Taskar Ƙasa ta Kaduna, da Ingilishi. Rubuce-rubucen Larabci da na ajami suna Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna. Na Tsibiri suna Yamai, a taskar ƙasa da cibiyar bincike ta IRSH da ta CELHTO mai kula da adabin baka, wasu kuma suna Aix-en-Provence a Faransa. Ko sunayen garuruwa sai an san rubutunsu biyu kafin a same su a katalog: Tsibiri a can Tibiri ce, Gidan Rumji kuwa Guidan Roumdji.

Ɗalibin da ya taso a Maraɗi yana da Faransanci daga makaranta, da Gobirci daga gida, sau da yawa kuma da Larabcin makarantar allo. Ingilishi ne kawai ya rage masa. Sassan nazarin harsunan Nijeriya a Sakkwato da Kano da Zariya suna karɓar kundi da Hausa, wanda ya rage masa nauyi sosai, ko da yake sai ya daidaita hannunsa da ƙa'idar rubutun Nijeriya. Takwaransa na Nijeriya kuwa da wuya ya iya karanta shafi guda na Landeroin ba tare da mai fassara ba, kuma sau da yawa mai duba aikinsa ma haka yake. Abin da ke biyo baya shi ne a umurci baƙon ya rage madogaran Faransanci saboda ba mai tantance su, a mayar da ƙarfinsa rauni.

Akwai kuma bambancin tsari. Nijar tana bin tsarin Faransa na shekara 3 a digirin farko, Nijeriya shekara 4, don haka tantance takardu kan ci lokaci. Siyasa ma ta sa baki. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. A Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata.

5.0 Fagen Bincike Cikin Rashin Tsaro

Mafi munin cikas shi ne fagen kansa. A ƙarshen Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Satumbar 2021 an datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa a watan Agusta. Babu mai duba aiki da zai sa hannu ɗalibinsa ya tafi kufan Alkalawa auna ganuwa a irin wannan hali, kuma bai kamata ya sa ba.

Asarar ba ta tsaya ga rayuka da dukiya ba. Kirarin sarakuna da jerin sunayensu da waƙoƙin fada a ƙirjin makaɗa da maroƙa da tsofaffin mata suke. Idan gari ya watse, makaɗi ya rasa fadar da zai yi wa kiɗa, ɗansa kuma ya kama wata sana'a. Tun 2019 dubban mutanen wannan yanki suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji. Saboda haka wani ɓangare na tarihin bakan Sabon Birni yanzu a Nijar yake zaune, inda ɗalibin Maraɗi ya fi na Sakkwato sauƙin kaiwa. Wannan dama tana da sharaɗi. Mai gudun hijira ba ya cikin halin ƙin amsa tambayar wanda yake zaton zai kawo masa taimako, don haka wajibi ne a bayyana masa cewa bincike ne kawai, a sakaya sunansa, a kuma bar wa al'ummar kwafin abin da aka naɗa.

6.0 Shawarwari

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su ne mafi kusa da wannan fage. Ya kamata su ƙulla yarjejeniyar duba kundi ta haɗin gwiwa, ta yadda duk mai rubutu a kan Gobir zai sami malami ɗaya a kowane gefe, ya kuma biya kuɗin 'yan gida. A sanya karatun Faransanci cikin darussan digiri na biyu a sassan tarihi da Hausa na Sakkwato, a fassara babin Landeroin na Gobir zuwa Hausa. Cibiyar Nazarin Hausa ta Sakkwato da IRSH kuma su fara naɗar muryoyin dattawan Sabon Birni da Isa da ke gudun hijira tun yanzu, kada a jira sai an ce tsaro ya dawo.