Rigimar Gadon Martin Luther King

Duk Litinin ta uku a watan Janairu, Amurkawa na hutu don tunawa da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata. Wanda ya ga yadda 'yan siyasa ke rige-rigen yabonsa a yau zai ɗauka haka aka taso. Ina! A 1966 binciken ra'ayi na Gallup ya nuna kusan biyu cikin ukun Amurkawa ba sa ƙaunarsa.

Kwana huɗu da harbe shi a Memphis a 1968, ɗan majalisa John Conyers ya gabatar da ƙudurin hutun, amma sai da aka shekara 15 ana jan ƙafa. A Oktoban 1983 rigimar ta kai intaha. Sanata Jesse Helms ya shigo zauren majalisa da tulin takardu, shafi kusan 300, yana zargin marigayin da hulɗa da 'yan gurguzu. Sanata Daniel Patrick Moynihan ya ɗauki takardun, ya ce ƙazanta ce, ya yi wurgi da su ƙasa, ya tattake. Aka kaɗa ƙuri'a, 78 suka amince, 22 suka ƙi. Shugaba Reagan, wanda da farko bai so ba, ya sa hannu ranar 2 ga Nuwamba.

Da binne sunansa ya gagara, sai aka koma rabon gado. Masu adawa da tsarin bai wa baƙar fata fifiko a makaranta da wurin aiki suka riƙe jimla ɗaya tak daga jawabinsa na 1963, inda ya yi fatan a auna 'ya'yansa da halinsu, ba da launin fatarsu ba. Da ita aka yi yaƙin soke tsarin a Kalifoniya a 1996. A 2023 Kotun Ƙoli ta haramta shi wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i.

A ganina, an yi wa mutumin yankan ƙauna. A littafinsa na 1964 ya nemi a biya diyyar ƙarnonin bauta da wariya, ta hanyar shiri na musamman da zai haɗa har da talakawan Turawa. Ƙungiyarsa kuma ta sa an ƙaurace wa kantunan Chicago da ke karɓar kuɗin baƙar fata amma ba sa ɗaukarsu aiki. Mai irin wannan aiki bai yarda cewa rufe ido ga launi kaɗai zai gyara ɓarnar ba.

Abin da ya kai shi Memphis ma yajin aikin masu kwasar shara ne, bayan motar sharar ta murƙushe biyu daga cikinsu.