Gulag: Daga Tsibiran Solobki Zuwa Kolima

A shekarar 1923 gwamnatin Bolshebik ta mayar da wani tsohon gidan ibada na Kiristoci da ke tsibiran Solobki, can ƙuryar arewacin Rasha, sansanin tsare 'yan adawa. Limaman coci, tsofaffin hafsoshin sarki, har da 'yan gurguzun wasu jam'iyyu da aka yi gwagwarmayar juyin juya hali tare da su, duk nan aka jibge su.

A Solobki aka gwada dabarar da ta zama ƙashin bayan tsarin sansanonin: a auna wa fursuna abinci gwargwadon aikin da ya yi. Ana danganta ta da Naftali Frenkel, wanda ya shiga yana ɗaurarre, ya fito yana jami'i. Wanda ya cika aikin yini ya sami cikakken rabon burodi. Wanda ya gaza a rage masa, gobe ƙarfinsa ya ƙara karyewa, a sake ragewa. Abin da ya fi ta da hankali shi ne, da alƙalami da lissafi aka tsara wannan yunwa, a ofis.

A 1930 aka kafa babbar hukumar kula da sansanonin a ƙarƙashin 'yan sandan ciki, wadda taƙaitaccen sunanta shi ne Gulag. A lokacin shugaba Stalin na ƙwace gonaki yana haɗe su, sai aka yi ta kwararo manoma. Tsakanin 1931 da 1933 fursunoni suka haƙa mashigin ruwa mai tsawon kilomita 227 da diga da shebur da baro. Daga nan aka bazu: zinariya a Kolima, kwal a Borkuta, ƙarafa a Norilsk.

Na waje ma bai tsira ba. Sashe na 58 na dokar laifuffuka ya yi faɗin da ko barkwanci kan shugaba zai iya jawo ɗaurin shekaru. Matan waɗanda aka kira maciya amanar ƙasa an ware musu sansani a Akmolinsk ta Kazakistan, 'ya'yansu kuwa sai gidan marayu. Maƙwabci ya koma tsoron maƙwabci, kowa ya kama bakinsa.

Kimanin mutum miliyan 18 suka ratsa sansanonin daga 1930 zuwa 1953, kuma takardun hukumar kanta sun nuna fiye da miliyan ɗaya da rabi sun mutu a ciki. Bayan mutuwar Stalin a 1953 aka saki sama da miliyan ɗaya, aka rushe hukumar a 1960. Ƙungiyar Memorial, wadda ta shafe shekaru tana tattara sunayen mamatan, kotun ƙolin Rasha ta ba da umarnin rufe ta a Disambar 2021.