Gaban Kai da Ɓangare Ɗaya a Siyasar Birnin Kano

Mai sauraron labaran duniya da Hausa ya saba jin an ce wata ƙasa ta yi "tsagaita wuta ta ɓangare ɗaya", ko Amurka ta ƙaƙaba takunkumi "ita kaɗai". Wannan Hausar ɗakin labarai ce, kuma ƙidaya take yi: hannu nawa aka sa a takardar, ɗaya ko biyu. A cikin ganuwa kuwa, in dattawan Yakasai ko Mandawari suna tattauna wani hukunci da bai yi musu daɗi ba, da wuya ka ji an ambaci ɓangare. Cewa ake yi "ya yi gaban kansa", ko "ba da yawunmu ba", in abin ya yi tsamari a ce "fin ƙarfi". Abin da nake son kafawa shi ne, waɗannan kalamai ba adadin masu aikin suke aunawa ba. Tambayarsu ita ce: wa aka tsallake?

A Kasuwar Kurmi ana ganin bambancin ƙarara. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka", a yi ta ja har a kai ga "na sallama". Dillalin da ya sallama kaya ƙasa da abin da mai su ya yanke, ba tare da ya koma ya ji ta bakinsa ba, ya yi gaban kansa, ko da cinikin ya yi kyau. Amma attajirin da ya wayi gari ya yi waƙafin gidansa ga makarantar allo, shi kaɗai ya yanke, ba wanda zai jefe shi da wannan kalma, domin babu mai haƙƙin da aka ƙetare. Saki ya faɗo tsakani. A fiƙihun Malikiyya da alƙalan Kano ke hukunci da shi, saki yana hannun miji, kuma yana aukuwa ko matar ba ta so. Duk da haka iyaye sukan ce wa yaron da ya rubuta takarda bai sanar da waliyyai ba ya yi gaban kansa. Ba su ce sakin bai auku ba. Ma'auni biyu ne ke aiki a nan, na iko da na yawu, kuma mutum yana iya cika na farko ya faɗi a na biyu.

Babu inda wannan ya fito fili kamar yaƙin Basasar Kano. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, naɗa magajinsa haƙƙin Sarkin Musulmi ne, ba mai musun haka tun zamanin jihadi. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya zaɓi Galadima Tukur ɗan Bello, wanda ya burge shi da jarumta a yaƙin Argungu. Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano a lokacin, ya ga inda hankalin gari ya karkata, wato ga Yusufu ɗan marigayi Sarki Abdullahi Maje Karofi, amma umarni ya zo, aka naɗa Tukur. 'Ya'yan Abdullahi, waɗanda Bello ya riga ya tuɓe da yawansu daga sarautu, suka fice zuwa Takai da magoya bayansu. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ɗan'uwansa Aliyu Babba ya karɓi ragama ya ci birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Sakkwato ta dawo ta amince da Aliyu, mutumin da ya hau gado da takobi.

A nan ya kamata a tsaya. Yusufawa ba su yi jayayya da ikon Sakkwato ba, Aliyu Babba ma jikan gidan ne ta wajen uwa. Ƙorafinsu shi ne an yanke magana a kan Kano ba da yawun Kano ba. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake ambaton Tara ta Kano a matsayin majalisar da sarki ke jin ta bakinta, kuma bayan jihadi gidajen da suka yi yaƙin suka riƙe kujerunsu: Madaki daga Yolawa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, ga Sarkin Dawaki Mai Tuta. Garin da ke da kujeru irin waɗannan yana da sunayen da zai lissafa in an tsallake su. Shi ya sa a Kano "gaban kai" ba zagi ne kawai ba, tuhuma ce mai shaidu.

Zamanin gwamnoni ya ƙara nuna cewa ƙidaya ba ta warware komai. A watan Mayun 2019 majalisar dokoki mai kujeru 40 ta zartar da dokar da ta fitar da masarautun Bichi, Rano, Gaya da Karaye, Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu cikin 'yan kwanaki. A takarda wannan aikin jama'a ne, ba na mutum ɗaya ba. Masu zaɓen sarki, wato masu waɗancan kujeru huɗu, suka garzaya kotu, suna cewa ba a tuntuɓe su ba. Ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II aka kai shi jihar Nasarawa, kamar yadda aka kai kakansa Azare a 1963, kuma a 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki. A watan Mayun 2024 wata majalisar ta soke dokar masarautun cikin irin wannan hanzari, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Sanusi Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero, wanda aka naɗa a madadinsa a 2020, ya sauka a gidan sarki na unguwar Nasarawa a Kano. Kalmar da wancan ɓangare ya yi kuka da ita a 2020, ita ce wannan ya ɗauka a 2024, ba a canja mata ko wasali ba.

Akwai suka mai ƙarfi ga wannan fahimta, kuma ban ga dalilin ɓoye ta ba. Ana iya cewa yawu ba shi da iyaka: kowa na iya da'awar an tsallake shi, sai kalmar ta zama sandan duk wanda ya faɗi. Shekarar 2014 tana goyon bayan masu wannan suka. Bayan rasuwar Ado Bayero masu zaɓen sarki sun zauna, sun miƙa sunaye, Gwamna Rabi'u Kwankwaso ya ɗauki Sanusi, amma matasa suka fito ƙofar fada suna ƙone-ƙone, suna cewa an ɗora musu wanda ba su zaɓa ba. An bi kujerun da al'ada ta sani, sai ga wasu masu da'awar haƙƙi da babu su a lissafin Tara ta Kano. A ganina wannan bai rushe ma'aunin ba, ya nuna dai masu ganin suna da ta cewa sun ƙaru, alhali kujerun zaɓe suna nan huɗu, nufin gwamna kuma shi ke rinjaye a ƙarshe, ko wace jam'iyya ce ke gidan gwamnati.